Ƙyallen Gawa a Tsakiyar Bargo

Na karanta duk abin da kuka rubuto mini a ƙarƙashin kashin da ya wuce, har da na baiwar Allahn nan da ta ce ruwan ido ne ya hana ni aure. Na gode, 'yar'uwa, Allah ya bar zumunci. Ga waɗanda yau suka fara zuwa, sunana Kinasih, a gida Asih ake ce mini, shekarata ashirin da tara, a unguwar Laweyan ta birnin Solo aka haife ni, kuma ɗinkin bargo ne sana'ar gidanmu. Mutum ɗaya ne ya taɓa cewa yana sona tsakaninsa da Allah, shi kaɗai kuma na taɓa so. Sai ku nuna mini inda ruwan idon yake. Labarin makon jiya zan ba ku, kuma ina gaya muku tun yanzu raina a ɓace yake, ba wanda zan yi wa kwaskwarima.

Abin da masu batik na unguwarmu, wato yadin da ake zana wa ado da kaki a rina, suka yanke suka zubar, shi muke kwasowa buhu-buhu. A wanke, a goge, a yayyanka, a haɗa ƙyalle da ƙyalle, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa shafi, a ɗaure a jikin katako, sannan a bi shi da allura suka bayan suka har wata biyu. Mu uku ne a kan sana'ar. Ibu, mahaifiyarmu, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar Bapak, mahaifinmu, ita ke zaɓen launi, ita ke yanke magana. Yayata Mbak Nawang ita ce baki: Turanci, ɗan Japananci, hoto, murmushi. Ni ce hannu. Akwai mata huɗu da suke zuwa haɗa ƙyalle a keke, amma bin allura na ƙarshe, wanda saboda shi baƙi suke tsayawa su gyara tabarau su sunkuya, nawa ne. Suka goma sha ɗaya nake yi a tsawon gaɓar yatsa ɗaya, ba cika baki ba ne, kantar tana nan a hannuna. Katin da ake maƙalawa a gefen kowane bargo kuwa sunan gidan yake ɗauka, Nawang Sari. Ba sai na ƙara komai a kai ba.

Mas Haryo, kamar a ce Yaya Haryo a harshenmu, malamin aikin gona ne. A baje kolin Yogya muka haɗu shekara huɗu da suka wuce, ya zo saya wa mahaifiyarsa abin shimfiɗa. Mutane sun cika rumfarmu suna ta yi wa Mbak Nawang sannu da aiki, tana amsawa ba ko kunya. Shi kuwa ya dubi hannunta mai jan farce, ya dubi nawa mai filasta a yatsa biyu, ya ɗan rusuna ya ce, "Sannu da aiki, Mbak." Da ni yake, don a wurinmu Mbak kiran girmamawa ne ga kowace budurwa. Ku ce mini wawuya in kun so, amma daga ranar ban ƙara zama daidai ba.

Sau biyar ke nan yana neman a sa ranar da manyansa za su zo tambaya. Ibu ba ta taɓa ce masa a'a ba, ina 'yar Solo ta gidan mutunci za ta ce a'a da bakinta? Shayi mai zaƙi take kawo masa, ta tambayi jikin mahaifiyarsa, ta ce ai wannan abin farin ciki ne, a bari dai a dawo daga baje koli. A dawo daga na Jakarta, sai na Bandung ya ƙarato. A dawo daga Bandung, sai ga gayyata daga Japan. Shekara ta zagayo a sake sabon lale. Ni kuma ina zaune a gaban katako ina cewa ya ƙara haƙuri, shi yana ƙarawa, har na fara jin kunyar kalmar.

Sai aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Samarinda, can tsallaken teku. Wata ranar Litinin ina goge ƙyalle saƙonsa ya shigo, ya fara da Dik, wato ƙanwa, yadda yake kirana:

"Dik, mahaifiyata ta ce ranar Lahadi, washegarin dawowarku daga Jakarta, za mu zo. A sa rana kafin na tafi. Ta ce wannan karon ba ɗagawa, jikinta ba zai ba ta wani lokacin ba. Ki gaya wa Ibu."

Bu Marni, mahaifiyarsa (Bu kamar a ce Mama ne), ciwon ƙoda ke damunta, sau biyu a mako ake kai ta asibiti. Tsohuwar mai zanen batik ce, shekara arba'in tana zaune tana zuba kaki a yadi har bayanta ya gaza. Mako bakwai na yi ina ɗinka mata bargo a lokacin hutuna, tsakanin la'asar da magariba, irin haɗin nan na tambal da ake lulluɓa wa mara lafiya don fatan samun sauƙi. Duk ƙyallen da ke jikinsa da hannuna na tsamo shi daga buhu. Kalmasar baki kawai ta rage.

A kicin na sami Ibu tana goga kwakwa, na tsuguna na gaya mata saƙon. Na shirya jin sunan wani sabon baje kolin. Sai ta ajiye kwakwar, ta goge hannu a jikin zaninta, ta ce alhamdulillahi, ai dama lokaci ya yi. Ta ce to sai a aika musu da bargon kafin su zo, su san gidan da za su shiga, na kawo ta yi masa kalmasar ta naɗe, ni na ji da kayan Jakarta. Na kai mata shi ɗaki da hannuna. Daga nan na shige banɗaki na kunna famfo na yi kukan daɗi don kada a ji. Ku yi mini dariya, na cancanta.

Kwana biyu ya yi a ɗakinta. Ya fito a naɗe cikin takarda ruwan ƙasa, an ɗaure da zare, an soka furen yasmin a ƙullin. Mijin Mbak Nawang ne ya kai shi a babur da safen da za mu tashi.

Tafiyar baje koli, ga mai gani a hoto, yawon shaƙatawa ce. Bargo goma sha huɗu muka ɗauka a nannaɗe cikin leda, kowanne ya yi nauyin yaro ɗan shekara uku, ga sandunan ratayewa, ga akwatin kati. Awa takwas a jirgin ƙasa. Mbak Nawang ta sha rigar leshi ruwan hoda da sabon zanen batik, tsinken azurfa a gashi, tana ɗaukar kanta hoto a jikin taga. Ibu ta sa kaya ruwan ƙasa kamar kullum, carbi a hannu, jaka a cinya. Ni rigar ma'aikatan gidan ce a jikina, mai Nawang Sari a rubuce a gadon baya, da hijabina toka-toka, ƙafata ɗaya a kan kayan don kada su mirgine. Amma ranar ban ji haushin komai ba. Har shinkafar kwakwar da Ibu ta ƙunso mana a ganye na cinye tas, ina lissafin wace riga zan sa ranar Lahadi.

Zauren baje kolin shi ne dai na bara, sanyin na'ura kamar zai tsinka ƙashi, fitilu farare fes, matan Bali a damanmu, wasu 'yan Bandung masu ɗinkin keke a hagu suna yi mana kallon 'yan ƙauye. Aikina a irin wannan wuri ɗaya ne. Ana ajiye mini 'yar kujera a bakin rumfa da ɗan ƙaramin katako, na zauna na yi ta ɗinki mutane suna kallo. Ba na magana, ba a ma so na yi. Ranar farko wata Bajapaniya mai shago a ƙasarsu, Misis Okabe, ta zo da ɗan ma'auninta ta ɗora a kan babban bargonmu tana ƙirga suka. Ta ƙirga a wuri uku, ta ɗago ta tambayi wa ya yi. Mbak Nawang ta dafa ƙirji ta ce, "Mu." Matar ta ce tana son goma sha biyu irinsa kafin watan uku, za ta dawo a sa hannu. Na ga yadda idon Ibu ya sauka a kan hannuna ya daɗe a wurin, na ɗauka alfahari take da ni.

Rana ta biyu, Juma'a, bayan an sauko daga masallaci wayata ta motsa a aljihu. Hoto ne daga Mas Haryo. Bargona ne a shimfiɗe a kan tebur, an zagaye tsakiyarsa da jan layi. A ƙasa ya rubuta:

"Dik, mene ne wannan?"

Na buɗa hoton da yatsa biyu. Allurar da ke ɗaya hannun ta shige mini ƙarƙashin farce, ban ma ji ba sai da na ga jini.

Slobog ne. Zanen da ake lulluɓe gawa da shi kafin a kai ta, wanda mata ke ɗaurawa su je gaisuwar mutuwa. Ƙananan kusurwoyi baƙi da ruwan ƙasa, ya shige cikin 'yan'uwansa ya yi lamo, baƙo zai kalli bargon shekara goma bai ga komai ba. Amma ba a Solo ba, kuma ba a idon matar da ta yi shekara arba'in tana zanen batik ba. Ƙyallen bai fi tafin hannu ba, a tsakiya cif, daidai inda zai kwanta a ƙirjin wanda ya lulluɓa.

Na fita da gudu-gudu na tsaya a lungun da ke kusa da wurin salla na kira shi. Muryarsa a sanyaye take, kuma wallahi da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya ce mahaifiyarsa ta ajiye ƙunshin ne ba ta buɗe ba sai yau, da matan unguwa suka zo duba ta, don ta nuna musu aikin surukarta. Ta sa aka shimfiɗa a gabansu tana murmushi. Ɗaya ta fara yabo sai ta yi shiru a tsakiyar magana, sauran suka sunkuyar da kai, yayarsa ta tashi ta shige ɗaki tana kuka. Bu Marni kuwa ta jawo bargon. Da kanta ta ninke shi, ta sa aka zuba wa baƙi shayi, bayan sun tafi ta ce a sanar da kawunnansa zuwan Lahadi babu.

"Mas, ka san ba zan taɓa yi ba."

"Ban ce ke ce ba, Dik. Amma daga gidanku ya fito."

Na jingina da bango na sake buɗe hoton. Na san abin da na sa a wurin nan, wani shuɗi ne mai 'yan taurari, har sau biyu na canza shi kafin ya zauna mini. Farke shi aka yi aka dasa wannan, aka bi layin ɗinkina don kada a gane. Mbak Nawang na fara zargi, Allah ya yafe mini, amma rabonta da allura shekara shida, ko maɓallin mijinta ni nake ɗinkawa. Na ƙara buɗa hoton har ya fara dishi-dishi. Aikin mai kyau ne, ƙwararren hannu ne, sai dai sukan duka sun kwanta ta hagu, nawa kuwa ta dama suke kwanciya. Bahaguwa ɗaya ce a gidanmu. Tun tana ƙarama aka dake ta har ta koma ci da dama, rubutu da dama, miƙa abu da dama, allura ce kaɗai ta ƙi barin hagun.

A bayan labulen rumfa na same ta, a ɗan matsattsen wurin da muke tara kwalaye, tana zaune a kan akwati tana cin abinci a ganye. Na tsuguna don kada na tsaya mata a ka, ku ji fa, har a lokacin ladabin bai sake ni ba.

"Bu, me ya kai slobog bargon Bu Marni?"

Sai da ta gama tauna lomar bakinta. "Slobog? Subhanallahi. Ai kullum ina gaya miki ki riƙa duba buhu, masu batik ɗin nan ba abin da ba sa zubowa."

"Sukan hagu ne, Bu."

Ta ninke ganyen gida huɗu, ta sa a leda, ta ƙulle bakin ledar. Ba ta musa ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau, ko darajar ƙarya ta biyu ba ta ba ni ba.

"Ke kina ganin Samarinda nan kusa ce, Nduk?" ta ce a hankali, da muryar da take lallashina in ina zazzaɓi. Nduk kamar a ce 'yata ne. "Shekara goma sha ɗaya na yi ina gyara hannun nan naki. Sai ki kwashe shi ki kai bakin daji kina wanke wa malamin gona takalmi? Yayarki ba ta iya ba. Idona ya fara hazo. Mata huɗu a gidan nan suke ci."

"Me ya sa ba ki ce mini a'a ba?"

"Na ce miki a'a ki tsane ni? Gara su su fasa da kansu."

"Matar ba ta da lafiya, Bu."

"Ƙyalle ba ya kashe mutum."

Daga nan ta shimfiɗa mini lissafinta dalla-dalla, yadda take jera launi a tabarma. Ta ce idan na je na ce ita ce, kafin magariba labari ya gama Laweyan, ba gidan batik da zai ƙara ba mu ko tsumma, kuma ba mai auren 'yar matar da ta aika wa majinyaciya kayan gawa. Idan kuwa na ce kuskurena ne, ai yarinta ce da gaggawa, za a yi surutu wata ɗaya a manta. Ta ce na yi tunani da hankali, ni ba yarinya ba ce. Yanzun nan fa ta gama ce mini yarinta.

Muna cikin haka Mbak Nawang ta leƙo ta labule. Ta dubi Ibu, ta dube ni, sai ta mayar da idonta kan kwalaye, a nan na gane ta sani tun a gida. Ba ta tambayi me ya faru ba. Cewa ta yi, "Dik, wanke fuskarki, Misis Okabe ta dawo, tana son ta ɗauki hoton hannunki."

Kuna tsammanin na watsar da kwalayen na fice? Haka na so na rubuta muku. Fuskata na wanke da ruwan gora, na canza filasta, na koma kan 'yar kujerata na zare allura. Matar ta ɗauki hoton hannun daga wuyansa zuwa yatsu, kusan sau ashirin, ba ta ko ɗaga na'urar zuwa fuskata ba. Mbak Nawang tana gefe tana bayani da Japananci, ana dariya. Na tsani kaina a kan kujerar nan fiye da yadda na tsani kowa a rumfar.

Da asubar Asabar na hau jirgin farko ni kaɗai. Ibu tana kan sallaya lokacin da na ɗauki jakata, ba ta hana ni ba, cewa kawai ta yi na gaida Bu Marni da jiki. Awa takwas ina juya magana biyu a raina. Na ce ita ce, na tona wa uwata asiri a gaban baƙi, abin da ko 'yar da ba ta da tarbiyya sai ta yi shakkar yi. Ko na ce ni ce, na zama 'yar Laweyan da ba ta san slobog ba, wataƙila a tausaya a yafe. Kafin mu wuce Yogya na zaɓa, har ina yaba wa kaina wayo, wai na tsira da uwa na tsira da miji.

A banɗakin tasha na cire rigar Nawang Sari na sa farar riga mara ado da zanen da na ajiye don Lahadi. Biyu da rabi ina ƙofar gidansu, tsohon gida mai koren ƙyaure, kejin kurciya a rataye a baranda. Mas Haryo ne ya buɗe, riga a yamutse, ido ya faɗa. Ya matsa na wuce.

Bu Marni tana kan kujerar kaba a tsakar ɗaki, ƙafafunta a kumbure a kan matashi, gashinta fari tas a ɗaure tsaf. Bargon yana kan tebur a ninke, shafinsa a waje. Tun daga bakin ƙofa na durƙusa, na tafi da gwiwa har gabanta, na kama hannunta na ɗora goshina a gwiwarta.

"Kuskurena ne, Bu. Gaggawar kayan Jakarta ce ta sa ban duba ba. Ki yafe mini."

Ta bar ni a haka na ɗan lokaci, hannunta a kan hijabina. Sannan ta ce wa ɗanta ya miƙo bargon, ya buɗe mata tsakiyar a cinya. Ta laluba ƙasan kujera ta jawo wani tsohon gwangwanin biskit, ta fito da allura da zarenta a jiki, ta miƙo mini.

"Yi mini suka biyar a nan gefen, Nduk."

Hannu ba ya manta abin da ya saba. Na yi biyar ɗin. Ta bi su da ɗan yatsa, ta bi na gefen slobog ɗin, ko tabarau ba ta nema ba.

"Benci ɗaya muka zauna da Sulastri a gidan rini muna 'yan mata," ta ce. Sunan Ibu ke nan, rabon da na ji wani ya kira shi gatsal tun rasuwar Bapak. "Kullum gwiwar hannunta tana bugun tawa, don ita ta hagu take ja. Tun jiya na san hannun wa ne. Ba shi nake jira ba, abin da za ki faɗa nake jira."

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Da kin shigo kin ce, Bu, mahaifiyata ce ta yi don kada na tafi, ki rufa mana asiri, da maganar ba za ta fita ɗakin nan ba, kuma gobe da kaina zan sa a ɗauke ni a kai ni gidanku. Ni da nake ƙirga kwana, ina na ga lokacin riƙo? Amma kin taho tun daga Jakarta, kin zo da gwiwa, kin ɗauki kayanta kin ɗora a kanki." Ta gyara mini gefen hijabin da ya karkace. "'Ya ta gari ce ke. Haka aka koya mana, haka na so tawa 'yar ta yi mini. Shi ya sa ba zan ba ki ɗana ba. Ko Samarinda ya kai ki, ranar da ta kira ta ce an yi odar bargo, jirgi za ki hau ki bar shi. Shekara huɗu ya jira, ya isa."

Ba faɗa, ba zagi. Ta ce a zuba mini shayi, ta ce na sha kafin ya huce. Na sha, don ba a ƙin shayin manya. Ta ninke bargon ta ajiye a gefenta, ta ce za ta riƙe shi, aikin yana da kyau, kuma in ranar ta zo an huta da neman wani zanen. Wannan maganar ita ce ta karya ni, na yi kuka a gabanta kamar ƙaramar yarinya, ita tana shafa mini baya.

Mas Haryo ya rako ni har bakin ƙyaure. A baranda ya tsaya ya sha gabana, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada ta ji.

"Dik, koma ki gaya mata ba haka ba ne. Ce mata ba za ki hau jirgin ba. Na san ta, in ta ji daga bakinki za ta sauko. Ni ban fasa ba."

Wallahi na juya zan koma. Ƙafata ɗaya tana kan dokin ƙofa wayar ta motsa a hannuna, fuskarta ta haska, saƙon Ibu ya fito ɓaro-ɓaro a tsakaninmu:

"Nduk, Misis Okabe ta sa hannu, goma sha biyu. Farin zare ya kusa ƙarewa, tunda kina gari ki biya ki sayo. Kin ci abinci?"

Ya karanta ta kan kafaɗata. Ya tsaya yana jira. Ni kuwa, tunda na yi alƙawarin ba zan yi wa kowa kwaskwarima ba har da kaina, ga gaskiyar: abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne shagon zaren ƙarfe huɗu yake rufewa. Kafin na ankara na juya wuyan hannuna na duba agogo. Uku da rabi.

Ya ga na duba.

Ya ɗan rusuna mini irin na ranar farko, ya koma ciki, ya mayar da koren ƙyauren a hankali don kada ƙara ta dami mara lafiya. Na tsaya a barandar har kurciyar ta gaji da kallona. Sannan na tari mai keke, kuma kun san inda na ce ya kai ni. Saura minti biyar a rufe na isa.

Ina rubuta muku wannan ne daga ɗakin wata ƙawata a bayan tasha, kwanana uku a nan. Ibu ta kira sau goma sha tara, Mbak Nawang ta turo mini hoton katakon an ɗaure sabon bargo a kai, an ajiye kujerata a gabansa. Shi bai kira ba. Jirginsa ranar Alhamis ne da safe. Yau Talata, ban koma gida ba, zaren kuma yana nan cikin jakata ban ɓare ledarsa ba.